Masu Tsintar Wake

Duk wadda aka ɗauka sabuwa a kicin ɗin makarantar kwana, maganarta ta farko ɗaya ce: ai girki ne, a gida ma muna yi. Jikata Ummi da aka ɗauka bana ita ma haka ta ce mini, tana gyara ɗaurin ɗankwali kamar mai shirin zuwa biki. To Ummi, ke da ire-irenki, ku gyara zama. Ni Asabe 'yar Tudun Kaya na shiga kicin ɗin makarantar 'yan mata ta nan ƙasar Karaye ina goyon ɗan fari, na fito da furfura. Har yau idan na ɗaga hannun dama sai kafaɗata ta tuna mini da muciya.

Tuƙin tuwona na farko ba zan manta da shi ba. Shugabar masu girki a lokacin ita ce Iya Delu, wata gajeriyar tsohuwa da ba ta da haƙoran gaba, amma idan ta yi magana a kicin har mai gadi yana jin ta daga bakin ƙofa. Ta miƙo mini muciyar da ta fi ni tsawo, ta kife mini tsohon turmi ta ce in hau. Na yi talge, na zuba gari, na tuƙa har idona ya yi ja, ina ganin na burge. Da aka zo kwashewa sai ta ɗauko gudaji guda ta murje shi a gabana, gari fari fat ya zubo. Ta ce, "'Yar wa za ki ba wannan? Uwarta tana can ƙauye tana zaton muna kula mata da ita." Ranar ni na cinye gudajin, a tsaye, tana kallona.

A hannunta na koyi wuta. Kara yana tashi fuu ya mutu ya bar ki da ɗanyen tuwo. Ɗanyen itace hayaƙi ne zalla, kuma hayaƙin a cikin miya yake ƙarewa. Babbar tukunya ba ta son wutar gefe ɗaya, sai ki ga nan ya ƙone can bai nuna ba. Na koyi yadda ake auna gishiri da tafin hannu don ɗaruruwan baki, da yadda ake kaɗa kuka ba ta dunƙule ba. Duk wannan a shekarar farko mutum yake ƙwarewa idan yana da kai. Abin da ya ɗauke ni shekaru shi ne sanin masu cin abincin.

Iya Delu ba ta barin a wanke kwanuka sai ta duba abin da aka rage. Idan aka kira sallar azahar kuwa, ba ta kallon masu tafiya masallaci. Gindin darbejiyar da ke bayan ɗakunan kwana take kallo, inda masu fashin salla suke zama, wato waɗanda al'ada ta zo musu. Da sannu na gane abin da take karantawa. Yarinya idan kwanakinta suka kusa, cinta yana canjawa. Wata ta dame ki da roƙon ƙanzo, wata ta jiƙa garin kwaki ta zabga masa sukari ta ƙi taɓa tuwo, wata kuma gishiri da yaji take lasa kamar akuya. Fuska ta ɗan kumbura, zani ya matse ciki, magana kaɗan sai kuka ko dambe a layin abinci. Idan abin ya zo, ga ciwon mara, ga kasala, wasu har da jiri. Mafi yawansu a ranakun nan ne suke ƙin ci, alhali a ranakun jiki ya fi neman abinci.

Saboda irin waɗannan yaran ne Iya Delu take ɗora wata 'yar tukunya a gefe. Faten wake ne da ganye, zogale ko alayyafo, gishiri kaɗan, ba a cika masa dunƙulen magi ba, sai ruwan citta da tsamiya mai ɗumi a buta. Amma da ta fara, ko yarinya ɗaya ba ta zo ba. Makaranta akwai maza: malamai, masu gadi, mai faskare. Wadda duk aka ga ta nufi ƙaramar tukunya, ai ta yi shelar halin da take ciki ke nan. 'Yar Bahaushe kuwa ta gwammace ta kwana da yunwa da a san tana al'ada.

Sai tsohuwar ta ɓullo da dabara. Ta sa aka kewaye bayan sito da zana. Da an tafi masallaci sai ta fito ta haɗe rai, ta nufi gindin darbejiya tana faɗa: "Ke, da ke, da ke mai jan ɗankwali, zaman me kuke yi? Ku taso ku tsince mini wake, malalata kawai." Su taso suna ƙunƙuni. Da sun shiga bayan zana, kowace a ɗora mata faifan wake a cinya, a tura mata kwanon fate a ƙarƙashinsa. Hannu ɗaya yana tsinta, ɗaya yana kai loma. Idan aka ji takun namiji sai a sauke faifai a rufe kwano. Da Iya Delu ta ajiye aiki, ni na gaji faɗan da zanar duka. 'Yan ajin farko suna yi mini kallon muguwa, har suna suka sa mini, wai Inna Barkono. Kafin shekara ta zagayo sai ki ga mai zagin nawa ta zauna a gindin darbejiya tana satar kallona, tana jira in zo in yi mata tsawa. Babu wadda ta taɓa tona mu.

Kada ku ɗauka duk daga kanmu muka san abin da za mu dafa. Akwai Sista Rabi, ma'aikaciyar jinya da take zuwa duba yaran daga asibitin gari. Ita ma mai son fate ce, don haka muka saba. Ta ce mana jinin da yarinya take zubarwa duk wata sai jiki ya sake gina shi, kuma da abinci yake ginawa: wake, ganye, gyaɗa, kifi ko hanta idan an samu. Ta ce mu riƙa matsa lemon tsami a kai ko mu yanka ɗanyen tumatir, yana taimaka wa jiki ya amfana da abin da ke cikin ganyen. Ta hana mu ba su shayi a kan abinci, ta ce a bari sai an jima. Ta yaba da rage gishirin, ta ce yana sassauta kumburi. Inda muka yi doguwar muhawara shi ne jar kanwa, don mu tun tasowarmu ita ake jiƙa wa mai ciwon mara, yaran ma suna zuwa da ita a ƙulle a bakin zani. Sista ta ce a daina, tana iya yi wa ciki illa. Na yi gardama na gaji, na bi. Abin da ta fi nanata mini kuwa shi ne, "Inna, abinci ba ya maganin komai. Wadda ciwo yake kayarwa, ko jini ya yi mata yawa, ki turo mini ita, kada ki tsaya fate."

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke da wuri, wake ya bushe da furensa a gonaki daga nan Karaye har Rogo. Ɗan kwangilar da yake kawo mana kaya ya koma kawo shinkafa da garin kwaki, ɗan waken da yake haɗowa kuma ƙwari sun riga mu ci. Idan aka zuba shi a ruwa rabi sama yake tasowa. Muka koma dafa farar shinkafa da manja yau, gobe ma haka. Ba a jima ba na fara ganin abin a jikin yara: leɓe ya yi fari, ana hawa 'yar matakalar aji ana haki, masu cin farar ƙasa suka yawaita. Mu masu girki muka haƙa bayan kicin inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa, muka zuba irin alayyafo da rama, muka kafa sandunan zogale. Ɗan waken kirki da ya rage na ɓoye shi a randa na hana babbar tukunya, na ce wannan na masu tsinta ne.

A wannan shekarar ce na san Zulai. 'Yar garin Fulatan ce a ƙasar Rogo, tana ajin ƙarshe, doguwa, shiru-shiru, malamai suna ji da ita a lissafi. Duk zamanta a makarantar ban taɓa kama ta a gindin darbejiya ba. Ashe idan kwanakinta suka zo, ɗaki take shigewa ta ja bargo har a dawo daga masallaci. Sau biyu tana yanke jiki ta faɗi a taron safe, sau biyu ana aika wa mahaifinta, Malam Idi, yana barin aiki ya taho. Dangi suka ce iska ce, aka yi rubutu aka yi hayaƙi. A zuwansa na biyu ya faɗa wa shugabar makaranta a gaban kowa cewa idan ta sake faɗuwa zai ɗauke ta, ta zauna a gida inda idonsa yake, jarrabawa ko ba jarrabawa. Ba mugun mutum ba ne, tsoro ne ya kama shi. Ga shi jarrabawar fita ta matso, ga azumi ya kama.

Da azumi kicin shiru yake da rana, ƙaramar tukunya ce kaɗai a kan wuta. Wata rana da hantsi na je ɗibar ruwa sai na tarar da Zulai a bakin famfo, ta dafa bango, idonta a rufe. Na kama hannunta na juya tafin, fari kamar an wanke shi da toka.

Na ce, "Zulai, kina salla kuwa?"

Ta sunkuyar da kai.

"To azumin wa kike yi?"

Da ƙyar na ji muryarta. "Inna, a gidanmu ba a ganin mace tana ci da rana. Ko ba ma yi, haka muke wuni har a sha ruwa, don kada su Baba su gane."

Raina ya ɓaci, ba da ita ba, da wannan kunya tamu da take hana yarinya abin da Allah ya halatta mata. Na ce, "Wanda ya wajabta azumin shi ya ɗauke miki na kwanakin nan, ya ce ki rama daga baya. Ke kin fi shi sanin abin da ya dace da ke ne?" Sannan na ɗaga murya yadda masu shara za su ji: "Ƙatuwar banza kina tsaye a famfo, wuce ki tsince mini wake."

Ranar ta ci fate tana hawaye, ta kuma nemi ƙari. Washegari na kai ta wurin Sista Rabi. Aka auna ta aka ce jininta ya yi ƙasa sosai, don nata yana zuba da yawa kuma ga rashin ci. Sista ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini da maganin ciwon, ta ce ta riƙa dawowa ana dubawa, ni kuma ta bar mini sauran aikin. Da ta koma azumi, kwanonta daban nake ajiyewa na buɗa-baki da na sahur. Bayan ƙaramar salla kuwa kullum sai na kira ta tsinta, tana fashi ko ba ta yi. Don kada a yi zargi, ita na fi yi wa faɗa a duk makarantar. Idan na samu hanta a wurin mahauci ranar kasuwa, a ƙasan fatenta nake binnewa. Sannu a hankali leɓenta ya dawo da launinsa, har na fara jin dariyarta a bayan zana, dariya mai ƙarfi da ban san tana da ita ba.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne mai faskarenmu, Ɗanjuma, mutumin Fulatan ne. Ya je gida ya sami Malam Idi ya ce masa, don Allah ya je ya ga 'yarsa, an mayar da ita 'yar aikin kicin, wata tsohuwa ta sa ta a gaba ba dare ba rana, ga jarrabawa a bakin ƙofa. Shi a ganinsa taimako ya yi.

Malam Idi ya iso a kan babur daidai lokacin da yara suke masallaci. Zulai tana bayan zana da 'yan'uwanta, kuma a ranakun nan take, irin waɗanda a da take faɗuwa. Da muka ji sallamar namiji, faya-fayai suka sauka a kan kwanuka. Na fita na tare shi, Ɗanjuma yana bayansa da gatari a kafaɗa.

"Malam, sannu da zuwa. An zo lafiya? Ya mutanen gida?"

"Lafiya lau, Inna. Ya aiki? Ya fama da yara?"

"Da godiya. Ya muka ji da wannan shekara?"

"Sai haƙuri, haka Allah ya so."

Sai da muka gama gaisawa tsaf, sannan ya leƙa ya hango 'yarsa zaune a ƙasa da faifai a gabanta. Ya ce, "Inna, ke babba ce, ba zan yi miki rashin kunya ba. Amma karatu na kawo yarinyar nan, ba aikatau ba. Ga ta ba lafiya ce ta ishe ta ba. In tsintar wake ce, akwai wake a gidan ubanta. Zulai, tashi ki haɗo kayanki."

Ban taɓa shiga matsi irin na ranar ba. Idan na yi shiru, ya tafi da ita, karatun shekaru ya tashi a banza. Idan na buɗe baki na faɗa wa uba abin da ke damun 'yarsa, a gabanta, a gaban mai faskare, yarinyar nan ba za ta sake iya ɗaga ido a gidansu ba, kuma asirin zana ya tonu har abada. Na dubi Zulai, ta yi tsuru-tsuru, tana girgiza mini kai a hankali.

Na fara da Ɗanjuma. Na ce, "Kai kuma itacen la'asar zai faskara kansa ne?" Ya juya ya tafi yana waige. Sannan na ce wa yaran su shiga sito su kwaso mini albasa, duka har Zulai. Muka rage daga ni sai shi.

Na ce, "Malam, tun da yarinyar nan ta fara tsinta, an sake aiko maka ta faɗi?"

Ya girgiza kai. Ya ce, "A'a."

Na sunkuya na ɗaga faifanta. Ga kwanon fate ta ci rabi, ga yankan lemon tsami a gefe, ga 'yar hanta ta leƙo. Na ɗaga na kusa da shi, na ɗaga na gaba. Na ce, "Wannan wake ba kowa ake kira tsintarsa ba, kuma ba a kiran mutum sai 'yan'uwansa suna masallaci. Iyakar abin da bakina zai iya faɗa maka ke nan. Sauran ka tambayi mahaifiyarta, ka kuma tambaye ta yadda 'yan matan gidanka suke wuni da azumi."

Ya dubi kwanukan, ya dubi masallaci, ya sake duban kwanukan. Sai na ga dattijo ya cire hula ya mayar, ya kawar da kai yana kallon zogalen da muka dasa kamar bai taɓa ganin zogale ba. Kunyar da nake gudar wa 'yar, ita ta kama uban. Ya yi gyaran murya ya ce zogalen nan yana son a sare kansa don ya yi rassa. Na ce za a sare. Ya ce to, shi zai koma, zai yi shawara. Ya hau babur bai ko nemi ganin Zulai ba.

Kwanakin da suka biyo baya ba mu da sukuni, ni da ita. Ba mu san shawarar da zai yanke ba, ko babur muka ji a bakin ƙofa sai ta dube ni. Ana cikin haka wata safiya sai ga Ɗanjuma ya dawo daga gida, yana turo buhu a baro, yana ta mita.

"Inna, ga shi in ji Malam Idi. Wake ne, wanda ya ɓoye tun bara, a wannan shekara da ko na iri mutane ba su da shi. Ya ce a gaishe ki. Ya ce a yi haƙuri akwai tsakuwa da yawa, kada a yi gaggawar tsinta, a bi shi a hankali har a gama jarrabawa." Ya goge gumi ya ƙara da cewa, "Ni abin da ya ɗaure mini kai, duk Fulatan babu mai wake mai tsabta kamar mutumin nan. Kuma da idona na ga yana ɗibar tsakuwa a ƙofar gida yana zubawa a ciki. Anya tsufa bai fara taɓa shi ba?"

Na kwance bakin buhun. Wake ne fari tas, manya-manya, ko ƙwaro ɗaya babu, an watsa masa tsakuwa a sama irin wadda ko makaho zai tsince. Na yi dariya har sai da na zauna a kan turmi. Na ce wa Ɗanjuma, tsufa ne mana, Allah ya sa mu ma namu ya zo da irin wannan.

Zulai ta rubuta jarrabawarta daga farko har ƙarshe a kan ƙafafunta. Daga baya mahaifiyarta ta zo ziyarar ƙannen Zulai da suka shigo makarantar, ta ja ni gefe tana rufe baki da mayafi. Ta ce ai yanzu a gidansu idan azumi ya kama, Malam da kansa yake auno wake ya miƙa mata, yana kallon wani wuri, ya ce a ba yara su shiga ɗaki su tsince, kuma kada kowa ya dame su.

Buhun nan bai daina zuwa ba duk kaka har na ajiye aiki, kuma bai taɓa zuwa babu tsakuwa ba. Na ji an ce bana ma ya iso, yana sito. Don haka Ummi, gobe idan aka kira azahar, ki ajiye wayar nan, ki dubi gindin darbejiya. Ki ɗaure fuska sosai, ki ɗaga murya yadda mai gadi zai ji. Suna can zaune suna jiran wadda za ta yi musu tsawa.